Amsar Kawu kan ruwan zafi, magariba da Baturen nan na UFO

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka, irin wannan tambayar ba a amsa ta a tsaitsaye shi yasa na bari sai da na zauna. Kace ka ga bidiyo a TikTok wai wani masani Bafaranshe ya tabbatar cewa baƙin halittun da Turawa ke cewa suna zuwa cikin UFO, wato abubuwan da ake gani suna tashi a sama ba a san ko menene ba, aljanu ne, shine kake tambaya ko kenan abinda Hajiya take hana ku, zubar da ruwan zafi a tsakar gida ba bismilla, da kora ku ɗaki da magariba, da zama gindin tsamiya da rana tsaka, duk kimiyya ta gaskata su. Toh mai bidiyon nan ya faɗi gaskiya kaɗan ya ƙara gishiri da yawa.

Mutumin sunansa Jacques Vallée, an haife shi 1939 a Pontoise kusa da Paris, kuma ba ɗan tasha bane, lissafi ya karanta a jami'ar Sorbonne, yayi ilimin taurari, a 1962 ya koma Amurka inda ya sa hannu a taswirar duniyar Mars da aka yi wa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da kwamfuta, ya samu digirin dakta a fannin kwamfuta a jami'ar Northwestern a 1967, daga baya ma yayi aiki a kan ARPANET wadda ita ce ta haifi intanet ɗin nan da kake kallon TikTok da ita. A Northwestern ɗin ne ya shaƙu da Allen Hynek, malamin taurari da sojan saman Amurka suka ɗauka yana duba musu rahotannin UFO. Littafinsa na farko a kan batun, Anatomy of a Phenomenon na 1965, a lokacin shima yana karkata ga cewa daga wata duniya suke zuwa.

Sai 1969 ya fito da Passport to Magonia, nan ne ya juya, kuma nan ne tushen maganar da ka ji. Magonia ɗin daga wani babban limamin coci na birnin Lyon ya samo ta, Agobard, wanda ya rayu a ƙarni na 9. Shi Agobard ya rubuta cewa mutanen yankinsa sun yarda akwai wata ƙasa Magonia da jirage ke tasowa daga cikinta ta cikin gajimare suna kwashe amfanin gonar da ƙanƙara ta kayar, har ya tarar an ɗaure mutum huɗu, maza uku da mace ɗaya, za a jefe su wai daga jirgin suka faɗo, shine ya hana, yace wauta ce. Vallée ya ɗauki irin waɗannan tsofaffin labarai, da na ƙananan mutanen ɓoye da ƙauyawan Ireland da Scotland suke ba da labari, ya jera su gefe da gefe da rahotannin UFO na zamani, sai ya ga ai labari ɗaya ne aka canza masa riga: haske da dare, a ɗauke mutum, ya dawo ya tarar lokaci ya wuce bai sani ba, jiki ya mutu ya kasa motsi.

Wanda yafi bani dariya kuma yafi tsaya min a rai shine na wani mai kiwon kaji, Joe Simonton, a Eagle River ta jihar Wisconsin a 1961. Yace wani abu mai sheƙi ya sauka a ƙofar gidansa, mutum uku a ciki, ɗaya ya miƙo masa buta da alamar yana son ruwa, ya cika musu, ya leƙa ya ga ɗaya yana suya, sai suka bashi 'yan fanke. Ya ɗanɗana yace kamar kwali, ba gishiri. Sojan sama suka sa aka gwada a ɗakin bincike aka ce kayan haɗin duniyar nan ne ba wani abu baƙo. Kowa yayi dariya ya wuce, shi kuwa Vallée sai ya tuna a labaran Ireland mutanen ɓoye basa cin gishiri kuma sukan roƙi ruwa su ba da abinci. Yace wane irin mahaluki ne zai keto sararin samaniya don ya roƙi ruwa a buta ya soya fanke? Kaga tambayar tana da ma'ana.

Amma fa ka lura, bai ce aljanu bane, kuma bai tabbatar da komai ba. Abinda yace shine akwai wani abu da ɗan Adam yake cin karo dashi tun da daɗewa, kowane zamani yana bayyana da kamannin da mutanen lokacin zasu gane, kuma maganar daga wata duniya suke ta yi sauƙi da yawa. Masu UFO suka ji haushinsa, yawancin masana kimiyya kuma har gobe basu karɓa ba, suna cewa kamannin labarai yana nuna yadda ƙwaƙwalwar mutum take aiki ne kawai. Wanda ya fito fili yace aljanu ne wani Baturen Ingila ne, Gordon Creighton, tsohon jami'in diflomasiyya mai jin harsuna da yawa, editan mujallar Flying Saucer Review, a 1983 ya rubuta haka, shima ra'ayinsa ne ba gwaji ba.

Yanzu ga al'adun namu, kuma kar ka zuba su a kwando ɗaya don ba uwarsu ɗaya ba. Na magariba hadisi ne ingantacce, yana Bukhari da Muslim daga Jabir, cewa idan dare ya kawo kai a tsare yara saboda shaiɗanu suna bazuwa a lokacin, in wani ɓangare na dare ya wuce a sake su, a rufe ƙofa da sunan Allah, a rufe kwanuka, a kashe fitila. Wannan ko Vallée ya yarda ko bai yarda ba mu mun riƙe, kamar yadda samuwar aljanu sura guda gare ta a Alƙur'ani, bama jiran wani ɗakin bincike.

Na ruwan zafi al'adar iyaye ce, suna cewa kar ka ƙona ɗan aljani uwarsa ta rama. Bismilla dai alheri ce a kowane aiki, sannan ka tuna irin gidan da aka yi dokar dominsa, tsakar gida ɗaya, ba lantarki sai aci-balbal, ga mai rarrafe, ga kaji, ga yaro ya sheƙo da gudu daga zaure, mace ta sauke tukunya zata watsar. Wannan 'yar tsayawar da zata yi tace bismilla ita ce take sa ta duba ƙasa. Ni dai ban ga dalilin dainawa ba, amma kar kaje kana cewa Annabi ne ya faɗa.

Na tsamiya kuwa ya girmi duka a ƙasar nan, daga zamanin bori ya taso, inda ake ɗaukar tsamiya da kuka gidajen iskoki ne, har 'yan bori suna da birnin iskokinsu Jangare. Da Vallée ya zauna da tsofaffinmu ya ji labarin wanda ya shiga kasuwar aljanu ya ci abincinsu da tabbas ya ƙara babi, amma wannan bai mayar da labarin hujja ba, ya nuna dai ba mu kaɗai muke da irinsa ba.

In zaka karanta, ka fara da Magonia ɗin, sannan ka nemi Messengers of Deception na 1979, ni a gurina yafi amfani. A ciki ya bi ƙungiyoyin da ke cewa suna magana da halittun sama ya gargaɗi mutane cewa ana amfani da abin ana juya musu hankali, kuma ɗaya daga waɗanda ya ambata su ne suka zama Heaven's Gate, mutum 39 suka kashe kansu a California a 1997 wai jirgi zai kwashe su. Irin su ne masu kiran waya ƙarfe biyun dare da shaƙaƙƙiyar murya suce sarkin aljanu ne a tura kati ko a kai kuɗi gindin bishiya. Dan Allah in kaje gida ka ƙara ja wa Hajiya da ƙannenka mata kunne kan wannan, duk lambar da ta kira da irin wannan magana su kashe su toshe ta, kuma ka turo min bidiyon in ga wanda yayi shi.