Koyon na'ura zan fara, ko gina shafukan intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na kimiyyar kwamfuta, a nan Kano nake zaune. Na ɗan iya yaren kwamfuta na Python, kuma burina in kafa kamfanin fasaha nawa na kaina. Abokaina sun ce harkar gina shafukan intanet ta mutu tunda ChatGPT yana rubuta su a minti ɗaya, wai koyon na'ura ne kaɗai ke da gaba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da intanet ɗin, ka riƙa karatun koyon na'ura da daddare. Na san ba abin da ka so ji ba ke nan, to bari in gaya maka dalili.

Koyon na'ura ba tsafi ba ne. Misalai ake tara wa kwamfuta, dubbai ko miliyoyi, ta yi ta gyara lambobin da ke cikinta har ta iya cankar amsar abin da ba ta taɓa gani ba. A 2012 da ɗaliban Geoffrey Hinton na jami'ar Toronto suka lashe gasar gane hotuna ta ImageNet, hotuna sama da miliyan ɗaya suka yi amfani da su, kowanne an riga an rubuta abin da ke cikinsa. Dabarar da ChatGPT ya ginu a kanta kuwa masu bincike na Google ne suka fitar da ita a 2017, kafin kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ga jama'a a watan Nuwamban 2022, bayan an ɗura masa rubutun intanet mai tarin yawa. Ko'ina ka duba, bayanai ne suka riga dabara zuwa.

To yanzu shiga Kantin Kwari ka tambayi wani Alhaji yadi nawa na shadda ya sayar a azumin bara. Zai jawo littafi mai kaurin bango daga ƙarƙashin kanta, an rubuta da biro kala biyu, wasu basussukan an soke su, wasu an zagaye. Rabin lissafin yana kan yaron shago, sauran yana cikin saƙon murya na WhatsApp tsakaninsa da abokin cinikinsa na Maraɗi. Haka Singa take, haka Dawanau, inda ake cinikin riɗi da wake da zoɓo na maƙudan kuɗi kullum. Wace na'ura ce za ta koyi wani abu daga nan? Wanda ya fara gina wa Alhajin nan manhaja mai sauƙi da zai riƙa shigar da ciniki da bashi, har ya yarda da ita, shi ne bayan shekara biyu zai samu abin da zai koya wa na'ura. Wannan manhajar kuwa aikin intanet ne tsagwaronsa.

Abin da za ka koya bai da yawa: HTML da CSS da JavaScript don gina fuskar shafi, sai SQL don rumbun bayanai, sai Django, kayan gina shafi da Python, tunda ka riga ka san yaren. Ka fi ba SQL lokaci, don shi matasa suka fi rainawa, kuma shi ne ba ya tsufa. Ban hana ka React ba, wato kayan gina fuskar shafi da JavaScript, amma ni ban ga dalilin ɗora shi a kan shafin da jerin kaya da farashi kawai zai nuna ba. Sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kan manhajar gina shafi ta WordPress suke, wanda da PHP aka rubuta shi, yaren da aka daɗe ana yi wa jana'iza yana nan daram.

Inda za a gane gwaninta a nan Kano shi ne nauyin shafi. Mai amfani da manhajarka yana riƙe da Itel ko Tecno da ya saya a Farm Centre, ma'adanarta ta cika da bidiyo, sabis yana ɗaukewa idan ya shiga lungun kasuwa, ga data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Ka sayi irin wannan wayar ka riƙa gwaji a kanta. Ka tsara yadda ciniki zai ajiyu a wayar ko babu sabis, in ya dawo ya tura. Ka kula da haruffa masu lanƙwasa a wurin bincike, don yawancin mutane ba sa sa su idan suna rubutu a waya.

Maganar ChatGPT kuma, ni kaina kullum ina aiki da irinsa, yana rage min wahalar rubuta abin da aka saba. Amma yakan ƙago umarnin kwamfuta da babu shi, ya miƙo maka da cikakken ƙarfin gwiwa. Kuma in ba ka tambaye shi ba, ba lallai ya tuna cewa sanarwar biyan kuɗi takan iso sau biyu ba, sai manhajarka ta rubuta wa mutum ya biya sau biyu. Wanda bai iya karanta abin da aka rubuta masa ba, ba zai kama wannan ba sai ranar da Alhaji ya kira shi yana faɗa.

Kan batun kamfani, dubi Paystack. Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa shi a 2015, matsalar da suka ɗauka kuwa ba ta da wani ƙyalƙyali: yadda ɗan kasuwa zai karɓi kuɗi ta shafinsa. A 2020 kamfanin karɓar kuɗi ta intanet na Stripe ya saye shi a kan sama da dala miliyan 200. Moniepoint da kake ganin na'urarsa a kowane lungu, da rubuta wa bankuna manhaja ya fara, da sunan TeamApt. Akwai dokar ƙananan kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a 2022, za ka iya neman rajista a ƙarƙashinta ta hannun hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA, sai dai takarda ba ta kawo mai saye. Kafin ka yi zancen masu zuba jari, samo mutum biyar da ba danginka ba da za su ciro kuɗi su biya ka duk wata. Idan kuma da aboki za ku yi, ku rubuta kason kowa tun babu ko sisi, ku sa shaidu. Bayanan bashin mutane amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanai da ta hau kanka.

Karatun daren da na ce, ka sa shi a kan lissafin aljabara da ƙididdiga, ka yi gwaji a Google Colab wanda ke ba da aron na'ura mai ƙarfi kyauta na ɗan lokaci. Idan ka tashi zaɓen fanni, ɗauki muryar Hausa. 'Yan kasuwarmu sun fi son magana a kan rubutu, kuma na'urorin da ake da su har yanzu suna tuntuɓe idan Bakano ya yi sauri ko ya haɗa da Turanci. Mutanen HausaNLP da Masakhane, ƙungiyoyin masu binciken koya wa na'ura harsunan Afirka, suna wannan aikin a fili, shirin tara muryoyi na Common Voice na Mozilla kuma yana karɓar muryoyin Hausa. Shiga cikinsu tun kana makaranta, ko aikin kammala karatunka ma za ka iya ɗaukowa daga can.