Ba Don Na Farko Ya Lalace Muke Sakewa Ba

Yarona, jiya da muna dawowa daga Argungu ka yi mini tambaya a mota, na ce ka bari sai mun huta, don gajiya ta hana ni buɗe baki. Cewa ka yi, tallar shinkafa ta daƙiƙa 30 kacal, me ya sa ta cinye mana yini guda tun asuba har magariba, kuma me ya sa nake sa a sake abu sau biyar, sau shida, alhali da idonka ka ga na farko ya yi kyau? Na ji ɗan haushi a muryarka, don kai ne ka yini a rana riƙe da rifilekta, faifan nan mai mayar da haske. Ba laifi. Ni ma na taɓa yi wa maigidana irin wannan tambaya, sai dai shi ranƙwashi ya ba ni.

Mu da ke lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, yadi muke sayowa. Tela yana can zaune gaban kwamfuta, shi ne edita, kuma ba ya iya ɗinka abin da ba a kawo masa ba. In ka miƙa masa ƙyalle ɗaya ka ce ya fitar maka da babbar riga da 'yar ciki da wando, sai dai ya bi ka da ido. To kamara ɗaya gare mu. Matar nan da ta zuba shinkafa a faranti, na ɗauke ta daga nesa don a ga ɗakin da iyalin duka. Na matso na ɗauki fuskarta. Na koma kan hannunta da cokali kawai. Na ɗauki turirin, na ɗauki idon yaron da ke jira. Kai ka ga mace ɗaya tana zuba abinci sau biyar, amma ba a maimaita ko ɗaya ba, kowanne yanki ne daban. A talla ta daƙiƙa 30, da wuya yanki ɗaya ya wuce daƙiƙa biyu ko uku a kan allo, ka ga ana neman yanki goma sha wani abu, kuma kowanne sai an sake girka kamara, an sake juya fitila, an sake gyara faranti. Turirin kaɗai ya ci mana fiye da rabin awa, don turiri ba ya fitowa a hoto sai ka haska shi ta baya kuma ka sa duhu a bayansa. Shi ya sa na ce ka rataya baƙin zane, muka riƙa sauko da sabuwar tukunya daga wuta.

Ka kwatanta da ranar kamun kifi a kogin Matan Fada na Argungu. Bikin nan tun 1934 ake yin sa, kuma har yau ba a haifi daraktan da zai ce wa dubban masunta su fito daga ruwa a sake ba. Da an ba da alama, kowa ya ruga da homarsa da gorarsa, shi ke nan, abin da ka samu shi ka samu. Don haka a can kamarori ake bazawa, wani a kan gaɓa, wani cikin kwalekwale, wani da jirgin nan maras matuƙi a sama. Mu da ba mu da kuɗin hayar kamara biyar, da lokaci muke biya.

Bidiyon waƙa kuwa ya fi wannan cin rai, kuma sati mai zuwa za ka gani. Mawaƙi ba ya rera komai a lokeshin. An riga an gama waƙar a sutudiyo, mu lasifika kawai muke kunnawa yana bin ta da baki, abin da 'yan fim ke ce wa mamin. Haka rawa da waƙar fina-finan Kano take, sau da yawa muryar wani ce, fuskar wani. Waƙar minti 4, in ana sauya hoto duk bayan daƙiƙa 3, ka ga yanki 80 ke nan. Daga ina za su fito? Sai an bi waƙar daga farko har ƙarshe a bakin kogi, a sake bi a cikin gari, a sake bi da wasu kayan, kowane wuri kuma daga nesa da kusa. Ni ba na yarda mawaƙi ya riƙa motsa leɓe kawai. Cewa nake ya rera da ƙarfi kamar da gaske, ko da ba za mu yi amfani da muryar ba, don in mutum yana waƙa jijiyar wuyansa na tashi, numfashinsa na canzawa. Mai kallo ba zai iya faɗa maka abin da ya rasa ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Akwai kuma dabarar da za ta ba ka dariya ranar farko: in ana son rigarsa ta riƙa kaɗawa a hankali amma bakinsa ya dace da waƙa, sai mu ɗauka a hoto 50 cikin daƙiƙa, mu kunna masa waƙar da ninkin saurinta, ya bi ta kamar mai gudun kare. Da edita ya mayar da ita 25, jiki ya yi sanyi, baki ya hau daidai.

Tunda na ambaci 25, ka riƙe wannan. Wutar lantarkin ƙasar nan sau 50 take kaiwa da komowa a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Wayoyi da kamarori da yawa suna zuwa a saitin hoto 30 ko 60 cikin daƙiƙa, shi ya sa in ka ɗauki hoto a ƙarƙashin wasu fitilun ɗaki sai ka ga haske na rawa, ko baƙaƙen layuka na gangarowa. Mu a 25 muke ɗauka, shata, wato lokacin da kamara ke buɗewa haske ya shiga, a ɗaya bisa 50 na daƙiƙa. In da janareta ake aiki kuwa ka riƙa duba allo, don shi yakan yi sama ya yi ƙasa yadda ya ga dama.

Sai batun zaman da muka yi daga hantsi har la'asar, wanda na san a ranka ka ce ɓata lokaci ne. Ranar Kebbi in ta take tsaka, daga bisa take dukan mutum, sai idanu su faɗa rami, inuwar hanci ta sauko kan leɓe. Ga mutanenmu baƙaƙe kuma masu son farar shadda. Ka buɗe kamara don fuska ta fito, riga ta ƙone ta zama fari fat babu ko zaren aiki. Ka rufe don riga, fuska ta ɓace. Maganinsa kawai ka yi aikin waje da sanyin safiya da bayan la'asar, tsakar rana ka shiga ɗaki ko inuwar bishiya. Lokacin hunturu ne kaɗai nake sassautawa, don hazo yana tausasa rana kyauta, sai dai ka sha goge gilashi.

Tafin da nake sa ka yi gaban kamara kafin a ce akshin, ba al'ada ba ce kawai. Sauti a na'ura daban yake shiga, hoto daban. Edita zai nemi inda tafukanka suka haɗu a hoto, ya nemi inda ƙarar ta yi tsini a layin sauti, ya ɗora su kan juna. Manyan kamfanoni allon katako suke bugawa, aikinsu ɗaya da hannunka. Shirun minti ɗaya da nake roƙo bayan an gama sin, wato fitowa ɗaya ta fim, shi ma kaya ne. Kowane wuri da irin shirunsa, na fadama da kukan tsuntsaye da iska, na ɗaki da ƙugin fanka. Da shi ake cike gurbi in an yanke magana, in babu shi sai ka ji sauti ya faɗa rijiya ya fito.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa na ɗaga maka murya kan kofin shayi, don na san shi ya fi yi maka zafi. Shekarun baya na ɗauki wata waƙa a fadamar Birnin Kebbi, shinkafa ta yi kore shar, aiki ya yi kyau har ina yaba kaina. Muka tafi sallar azahar, wajen alwala mawaƙin ya ajiye hularsa, da aka idar ya ɗauki ta abokinsa ya ɗora. Duka zanna ne, sai dai ɗaya da ja a jiki, ɗaya da shuɗi. Mu bakwai a wurin, babu wanda ya lura. Sai da na zauna haɗawa na ga mutum ya fara baiti da jar hula, ya juya kai, ya ƙarasa da shuɗiya. Kafin in sake tara mutane an ɗauki makonni, muka koma muka tarar shinkafa ta nuna, wani gefen ma an yanke. Koren nan ya tafi sai wata shekara. Da kuɗin aljihuna na sake ɗaukar rabin waƙar a wani wuri, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun daga ranar, kafin a tashi daga kowane sin sai an ɗauki hoton komai da waya: ɗaurin kallabi, hannun da agogo yake, inda shayi ya tsaya a kofi. Jiya ka cika kofin da a ɗaukar farko yake rabi. Da ban gani ba, da mutumin da ke cikin tallar zai kurɓa shayi ya ƙaru.

Irin wannan ne ma ya sa na hana ka zagayawa da kamara ta bayan tabarma. Mutum biyu in suna fuskantar juna, ka ɗauka akwai igiya daga hancin wannan zuwa na wancan. Ka zaɓi gefe ɗaya ka tsaya. Ka tsallaka igiyar, a allo sai su koma kallon gefe guda, kamar kowa da bango yake magana.

Gobe ba lokeshin. Ka sa batura a caji tun daren nan, ka kwafe katin kamara na jiya wuri biyu kafin ka goge komai, sannan ka same ni a shago da ƙarfe tara. Kai za ka zauna a kujerar edita. Zan ba ka ɗaukar farko kaɗai, wadda ka ce ta yi kyau, ka haɗa mini tallar daƙiƙa 30 da ita.