Turaren farauta zai iya ɓoye ni daga hancin barewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma abokan aikina sun gayyace ni farautar barewa bana. Da na shiga shagon kayan farauta sai na tarar da kanta guda cike da kwalabe: wasu an ce suna rufe warin jikin mutum, wasu kuma fitsarin barewa ne da ke janyo namiji. Kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Suna aiki kuwa, ko dai kasuwanci ne kawai? Wanne zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kaya iri biyu ka gani, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Na farkon, masu rufe wari, su ne na fi shakka a kansu. Ana yin su da ƙamshin ƙasa, ko na itatuwan daji, ko tuffa, wasu ma fitsarin yanyawa ne ko warin bodarin Amurka. Hujjar masu sayarwa ita ce wari mai ƙarfi zai danne naka. Sai dai hancin barewa ba haka yake aiki ba. Yadda gwanar girki za ta shinshini miya ta ce maka ga daddawa, ga albasa, ga manja, haka barewa ke rarrabe abin da iska ta kawo mata. In ka fesa ƙamshin ƙasa a jiki, abin da za ta ji shi ne ƙasa da kuma mutum. Warin bodari ma ya fi muni, domin bodari ba ya sakinsa sai ya tsorata, ka ga ka sanar da daji cewa akwai abin gudu a wurin.

Abin da ke da amfani shi ne rage warin, kuma a nan mu Hausawa muna da aiki fiye da abokanka. Rigar da ta kwana a ɗakin da aka kunna turaren wuta, hular da ta sha almiski ranar Juma'a, jaket ɗin da ke rataye kusa da kicin lokacin da ake soya albasa, duk waɗannan za su riga ka isa dajin. Ka ware kayan farauta daban, ka wanke su da sabulu marar ƙamshi, ka shanya a waje, ka kulle a roba mai murfi, kada ka sa su sai ka sauka daga mota. Takalmin roba ya fi na fata, kuma kada ka tsaya da shi a gidan mai. Duk da haka numfashinka na nan, ba sabulun da zai wanke shi.

Saboda haka maganar ta koma kan iska. Ka zauna inda iska za ta taso daga hanyar barewar ta zo gare ka. Ka riƙe toka a ƙulle cikin ƙyalle kana kaɗawa, ko ka yi yadda maharban can suke yi, su saki audugar wani tsiro ɗan uwan tumfafiya su bi ta da ido. Za ka sha mamakin yadda take karkacewa ta koma inda ba ka zata ba. A wurin da ke da tudu da kwari kuma, iska tana hawa sama da hantsi in ƙasa ta ɗumama, ta gangaro da yamma in ta huce. Wurin zaman da ya yi kyau da safe yana iya tona maka asiri da la'asar.

Fitsarin janyowa kuwa yana da tushe, domin barewa da wari suke sadarwa. Namiji yakan tone ƙasa da kofato ƙarƙashin wani reshe mai sauko-sauko, ya goga goshinsa da gefen idonsa a reshen, sannan ya haɗa ƙafafun baya ya yi fitsari a kan wasu tukkayen gashi da ke cikin gwiwoyinsa, ya zubo a wurin. Duk barewar da ta wuce sai ta tsaya ta karanta. In namijin ya ci karo da fitsarin mace, za ka ga ya ɗaga kai ya murɗe leɓen sama, yana tura shi ga wata kafa da ke dasashinsa don ya gane ko ta kusa karɓar namiji.

Amma abin na da lokaci. A Ohio barbara takan kai ƙololuwa a farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa, macen kuma kusan awa 24 kawai take karɓa, in ba ta ɗauka ba sai bayan kwana 28. Wanda ya zuba fitsarin mace mai neman namiji a watan Satumba ya yi abin da daji bai saba ji ba, sau da yawa matan ma guje masa suke. Ka tambayi abokanka da me za ku fita. In da baka ne a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, kwalbar na iya yin rana. In kuwa makon bindiga ne, wanda ke farawa ranar Litinin bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, barbarar ta lafa, dabbobin sun gaji sun kuma tsorata, abinci suke nema. A lokacin gefen gonar masara ya fi kowace kwalba.

In za ka yi amfani da fitsarin, kada ka shafa a jikinka, domin za ka mai da kanka abin da namijin yake nema da ido. Jiƙa ɗan ƙyalle, da safar hannu, ka rataye a reshe kamar yadi 20 daga inda kake, a wurin da kake da sararin harbi. Aikinsa a gaskiya shi ne ya tsayar da namijin na 'yan daƙiƙu, hankalinsa na wani wajen. In ka tashi ka tafi da ƙyallenka. Rashin shafawar ya kuma sauƙaƙa maka batun sallah a daji: a mazhabar Malikiyya fitsarin dabbar da ake ci ba najasa ba ne, amma na yanyawa hukuncinsa daban, sai ka tuntuɓi malaminka.

Sai doka, wadda ita ce za ta iya jawo maka tara. Akwai cutar ƙwaƙwalwa da ke ramar da barewa har ta mutu, ana kiranta CWD, an fara gano ta a Colorado a 1967, kuma ba ta da magani. Wani gurɓataccen furotin ke haddasa ta, yana fita a yawu da kashi da fitsari, ya daɗe shekaru a ƙasa. Fitsarin kwalba kuma daga gonakin kiwon barewa ake tara shi. Shi ya sa jihohi irin su Virginia da Vermont suka haramta na ainihi tun 2015. A Ohio an samu cutar a barewar daji a gundumar Wyandot a ƙarshen 2020, kuma an hana zuba abincin janyowa a yankunan da ake sa wa ido. Dokokin na sauyawa, don haka ka karanta ɗan littafin ƙa'idojin bana da ake bayarwa kyauta inda ake sayar da lasisi.

Da ni ne, sabulu marar ƙamshi da takalmin roba zan saya, sai ƙaramar kwalba ɗaya ta fitsarin da aka haɗa a masana'anta, ita ma in fitarku ta faɗo a farkon Nuwamba.