Kuka da kuɓewa: wane dangi za a rubuta?

Ƙanwata, kin ce littafinku ya sa kuka a dangin Bombacaceae, amma a intanet kin ga Malvaceae, wato dangin kuɓewa, kina so ki san wanne ne daidai. Na daɗe ina koyar da ilimin tsirrai a nan Jos, kuma kusan kowane aji sai an kawo min wannan tambayar.

Littafinku bai yi ƙarya ba, tsufa ya yi. Da yawa daga cikin littattafanmu sun bi tsarin Flora of West Tropical Africa na Hutchinson da Dalziel, wanda ya fara fitowa a 1927. A can dangi huɗu ne: auduga, kuɓewa, rama da yakuwa a Malvaceae, kuka da rimi a Bombacaceae, goro da bishiyar koko da ake cakulan da ita a Sterculiaceae, lalo da dargaza a Tiliaceae. Da ido aka raba su, ana duba fure da 'ya'ya, kuma tun a lokacin masana na jayayya kan inda iyakar kowanne take.

A shekarun 1990 aka fara karanta DNA, wato sinadarin gado, na waɗannan tsirrai, musamman wasu sassa da ake kira rbcL, atpB da ndhF. Ana jera na wannan tsiro kusa da na wancan, a duba inda suka saɓa, daga nan a zana bishiyar zuriya. Abin da ya fito ya girgiza tsohon tsari. Koko ya fi kusa da lalo a kan goro, alhali da goro aka haɗa shi gida ɗaya. Kuka kuwa, duk girmanta, ta fi kusa da kuɓewa da auduga a kan goro, koko ko lalo. Ƙa'idar yanzu ita ce dangi ya tattara dukkan jikokin kaka ɗaya, kada a bar wani a waje. Yawancin tsofaffin gidajen ba su cika wannan sharaɗi ba, sai aka haɗe su a Malvaceae, aka kasa shi ƙananan dangi tara. Ƙungiyar APG, ta masana masu tsara dangin tsirrai masu fure, ta ɗauki wannan haɗewa tun rahotonta na 1998, kuma haka yake har a na huɗu, na 2016.

Ni abin da ya fi burge ni, shaidar tana cikin tukunyarmu tuntuni. Miyar kuka, kuɓewa, lalo, dargaza, duk yauƙi. Ɓawon kuka ana igiya da shi, haka rama. Ki tsinko furen kuɓewa ki duba yadda zaren namiji suka manne suka zama bututu, sannan ki duba na kuka da damina, za ki ga irin wannan ginin. Wannan yauƙin ma shi ke wahalar da mu a ɗakin gwaji, don yana cakuɗewa da DNA ya hana aiki. Shi ya sa nake sa ɗalibai su ɗauki ganye ɗanye sabon toho, su busar da shi nan take a silika, wato ƙwayoyin nan masu tsotse danshi.

Kuma ina roƙonki, kada ki aika ganye gwaji ba tare da kin matse reshe mai fure kin busar kin ajiye ba. Na sha ganin sakamako mai kyau ya tashi a banza saboda an yi kuskuren sunan tsiron tun a daji, kuma babu samfurin da za a koma a duba.

Game da jarrabawa, ki rubuta Malvaceae, ƙaramin dangi Bombacoideae, ki ƙara da cewa a tsohon tsari Bombacaceae ne. Tsohon sunan ma ki riƙe shi, domin akwai ma'ajiyun busassun tsirrai da har yau da shi suka jera kayansu, kuma wasu masana sun fi son a bar ƙananan gidajen a rabe. Ki duba littafin da kyau, ba kuka kaɗai ta yi ƙaura ba: tumfafiya ta koma Apocynaceae, ƙuduji kuma ya bar Scrophulariaceae ya koma Orobanchaceae.