Darasin magana gaban jama'a: abin da malam yake jira daga gare ka

Ɗan'uwa, ka ce ka shigo jami'a nan Maradi, darasin magana gaban jama'a yana ba ka tsoro, ba ka san abin da ake dubawa ba.

Galibi ana duba tsarin jawabin, muryarka, da kiyaye lokaci. In an ba ka minti 5, gwada shi sau 3 a gida da agogon salula. Da yawa suna cinye lokacinsu wajen gaisuwa. Kada ka karanta takarda kai sunkuye, na bayan aji ba za su ji ka ba. Rubuta kanun zancen kawai. Kwafe daga intanet kan jawo sifili bisa 20.

Ranar jawabinka kada ka yi fashi. In rashin lafiya ce, kawo takardar asibiti. In kana da i'ina, sami malamin tun makon farko ku shirya.