Wutar Nuwamba da maɗatan bakin rafi

Ka ce a makarantarku an rabu gida biyu, wasu na cewa tsohon daji a ƙyale shi yadda Allah ya yi shi, wasu na cewa sai an sa masa hannu, kana so ka ji ni ina na tsaya. To zauna, yaro.

Lokacin da nake malamin daji, akwai wani kurmi a bakin rafi mai maɗatai da ƙawo da maje. Wani maɗacin, mutum uku sai su kama hannu kafin su zagaye shi. Kowace shekara, da ruwa ya ɗauke a Nuwamba, gamba tana da sauran ɗanye, mukan sa mata wuta da yamma. Wutar takan bi ƙasa a hankali, raɓar dare ta kashe ta. Yadda ake share hanyar tare wuta kuwa ba zan tsaya koya maka ba, ɗan akuya ma ya san wannan.

Sai aka turo mana wani sabon shugaba, takarda fal jaka, takalminsa ko ƙaya bai taɓa gani ba. Ya ce ƙona daji jahilci ne, kar wanda ya ƙara ƙyasta ashana. Na yi magana, ya ce ya karanta a littafi. Ƙaramin sani ƙuƙumi! Shekara uku ciyawa tana taruwa, ta fi tsayina. A ta huɗu, cikin Maris, mafarauta suka cinna wuta don su kori gafiya. Kwana biyu tana ci. Ta shiga kogon maɗatan nan ta cinye su daga ciki, muna tsaye da ganye a hannu kamar sakarkaru. Goma sha ɗaya na ƙirga a ƙasa. Shi aka yi masa canjin wurin aiki, ni aka ba takardar gargaɗi. Har yau tana cikin akwatina.

Amma kar ka je ka ce Baba ya ce a shiga da zarto. Masu zarto su ne suka kwashe madobiyar Taraba zuwa Sin. Mataccen icen da ke tsaye ma ka bar shi, zuma da cilakowa a ciki suke kwana.

Ku yaran yanzu da waya kuke duba daji. Gobe da asuba ka zo da adda, ka bar wayar a gida.