Wa ke tafiya kasuwa, kai ko ruwan sama?

Ƙanena, ka tambaye ni dalilin jan layin da na yi a ƙarƙashin jimlar nan ta fassararka: Walking to the market, the rain started. Ka ce ka duba, kowace kalma daidai take. Haka ne. Zamansu ne bai yi ba.

A Turanci, in ka buɗe jimla da aikatau mai ƙarewa da -ing ka sa waƙafi, to aikau ɗin da ya biyo bayan waƙafin shi ne mai yin wannan aikin. Kai kuwa ruwa ka ajiye a wurin, ka ga ruwan sama ne ya kama hanyar kasuwa ke nan. Hausa ba ta jefa mu wannan rami, don in ka ce "ina tafiya kasuwa sai ruwa ya sauko", "ina" ɗin nan ta riga ta faɗi mai tafiyar. Walking ba ta ɗauke da kowa, aro take yi daga maƙwabcinta. Ko dai ka kawo mai tafiyar kusa, Walking to the market, I was caught in the rain, ko ka ba ta nata aikau: While I was walking to the market, the rain started.

Sai bambancin -ing da -ed. Auna shi da "mai ban tsoro" da "a tsorace". Frightening shi ne mai ba da tsoron, frightened wanda tsoron ya kama. Wanda ya rubuta I am boring ya shaida wa duniya cewa shi ne ke gundurar mutane.

Inda na fi so ka natsu shi ne wajen who da which da that, don nan Hausa ke bin mu har cikin Turanci. Muna cewa "mutumin da na yi magana da shi", kuma dole "shi" ɗin ya zauna. Sai hannu ya zarce ya rubuta the man that I spoke with him. Goge him. That ta riga ta cike gurbinsa. Haka "direban da aka sace motarsa": ba the driver who his car was stolen ba, the driver whose car was stolen. Duk inda ka ga -sa, -ta ko -su na mallaka suna komawa kan wanda ake magana a kansa, whose ake nema.

Waƙafi kuma ba ado ba ne. My brother who lives in Zaria na nufin kana da 'yan'uwa maza fiye da ɗaya, na Zariya kake warewa. My brother, who lives in Zaria, na nufin an riga an san shi, zaman Zariyar ƙarin bayani ne. A wannan na biyun that ba ta shiga.

In edita ya ce ka rage tsawo, kana iya cire who ko which tare da is, are, was ko were: the goods which were seized ta koma the goods seized, the woman who is selling fura ta koma the woman selling fura. Amma the book which I bought ba ta zama the book buying, littafi ba ya sayayya. Nan which kaɗai za ka cire: the book I bought.

Koma shafi na biyu na aikinka, akwai Having finished the meeting, the hall was locked. Nemo wanda ya gama taron, ka kawo min gobe.